Tambayar Da Sista Ta Yi Mana

Da editan wannan mujalla ya nemi mu rubuta wani abu, niyyarmu ta farko ita ce mu yi magana a kan bashi da yadda ya lalata zumunci a kasuwa. To amma akwai wata magana da ta fi shekara biyu tana yawo a bakin masallaci da wurin mai shayi, ana yin ta idan mun ba da baya, ana yin shiru idan mun iso: wai Liman ya kai 'yarsa makarantar coci. Gaskiya ne, mun kai. Tunda kuwa har yau ba wanda ya tare mu ya ji daga bakinmu sai dattijo ɗaya, gara mu faɗa da kanmu, kowa ya huta.

Ga wanda bai san mu ba, mahaifinmu almajirci ne ya kawo shi gabas daga ƙasar Haɗeja, ya yi karatu a hannun gwanayen Barno, daga baya ya kama fatauci ya zauna a Hausari. A nan aka haife mu. Muna sayar da yadi da atamfa a Kasuwar Monday, muna jan sallar Asuba da Isha'i a masallacin layinmu, da sauran salloli idan babban liman ba ya nan. Karatunmu allo ne da Islamiyya. Boko kuwa, abin da muka tsinta a kasuwa ne, iya rubuta rasit da karanta lambar mota.

Yarinyar 'yar ƙaninmu ce. Ya tafi da kaya kasuwar Gamboru a watan Mayu na 2014, ranar da aka afka wa garin, bai dawo ba, Allah Ya jiƙansa da sauran Musulmi. Lokacin ko yaye ta ba a yi ba. Da uwarta ta yi wani aure sai ta dawo hannunmu, ba ta san wani uba ba sai mu. Mun sa ta firamare ta gwamnati kamar sauran yaran gida, da yamma ta tafi Islamiyya, muka ɗauka mun sauke nauyi.

Gobarar kasuwa ce ta tona mana asiri. A daren da aka wayi gari ranar Lahadi 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, wuta ta cinye kasuwa, shagonmu na ciki. Bayan 'yan kwanaki aka kawo takardar da za a cike don neman tallafi. Muka zo da ita gida muka miƙa wa yarinya, tunda tana aji 4, muka ce karanta mana. Ta riƙe takarda ta yi ta kallo, can sai hawaye. Ko layi ɗaya ba ta iya haɗawa ba. Maƙwabcinmu na kasuwa, Marghi ne Kirista daga wajen Askira, shekara goma sha muna jere da shi, ya zo yi mana jaje da 'yarsa sa'ar tamu. Ita ta karɓi takardar ta karanta tsaf, har tana gaya mana inda za mu sa hannu. Wallahi wannan ya fi mana ciwo a kan dilar atamfar da ta ƙone. Ba mu zargi malaman yarinyarmu ba, don mun leƙa ajin mun gani: yara a ƙasa kamar an zube gyaɗa, malami ɗaya, ko wucewa tsakaninsu ba ya iyawa.

Mun zagaya makarantun kuɗi na Musulmi guda uku. Biyu sun fi ƙarfin mutumin da shagonsa ya zama toka, ɗayar kuma sunan Larabci ne kawai a jikin allo, ciki duk kanwar ja ce. Maƙwabcin nan ne ya ce, "Malam, ka zo ka ga tamu mana, ai akwai 'ya'yan Musulmi." Muka yi wata guda muna juya maganar, muka yi istihara, sannan muka shirya.

Sai dai akwai abin da muka ɗauka a ƙirji zuwa ƙofar nan, wanda duk ɗan Bulumkutu mai shekaru ya sani. Ranar Asabar 18 ga Fabrairu 2006, aka yi taron nuna fushi a kan zanen ɓatanci da wata jaridar ƙasar Denmak ta yi ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Fushin gaskiya ne, mu ma mun ji shi. Amma taro ya watse ya koma ƙone-ƙone, aka kashe mutane da ba su san ma inda Denmak take ba, har da Fada Michael Gajere na cocin St. Rita a nan unguwarmu. Ba mu fita ba ranar, mun kulle gida muna hangen hayaƙi. Amma kuma washegari da Asuba ba mu ce komai ba, jibi ma haka, har maganar ta tsufa. Shekara 17 bayan nan ga mu da rawani muna sallama a ƙofar mutanen, muna neman a koya wa marainiyarmu karatu.

Shugabar makarantar Sista ce, dattijuwa, da Hausarta irin ta mutanen Filato. Mun zo da tambayoyinmu a jere kamar mai karɓar bashi. Za a shigar da ita coci? Ta ce a'a, idan 'yan Katolika suka tafi ibadarsu ana zaunar da sauran a aji da malami. Za a koya mata addininku? Ta ce darasin shirya yara ga baftisma na 'ya'yansu ne kaɗai, amma kada mu ce ta ruɗe mu: akwai gicciye a bangon kowane aji, ana addu'a a taron safe, kuma su abin da suke yi don Yesu suke yi, ba za ta ɓoye ba don neman kuɗin makaranta. Ranar Juma'a fa? Ana tashi kafin azahar. Hijabi? Nan ta girgiza kai, ta ce kayan makaranta iri ɗaya ne ga kowa, riga har ƙasa da gwiwa da hula, ba ta da ikon canzawa.

Da muka gama sai ta ce, "To Malam, ni ma ina da tambaya ɗaya. Me kake so yarinyar nan ta zama?" Muka ce likita, in Allah Ya yarda, don shi ne abin da kowa ke faɗa. Ta yi murmushi ta ce, "Wannan sana'a ce. Wace irin mutum kake so ta zama? Ranar da ba ka nan, ba ni nan, ta samu dama a kan wani wanda ya fi ta rauni, me kake so ta yi?"

Jama'a, shekararmu kusan 20 muna wa'azi bayan Asuba, amma muka rasa ta cewa. Ba don ba mu da amsa a addininmu ba, ai tana nan fal. Abin da ya ɗaure mana baki shi ne, tun da muke kai yara makaranta, ta allo da ta Islamiyya da ta boko, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana wannan tambaya, mu ma kuma da muke kwamitin Islamiyyar layinmu ba mu taɓa yi wa wani uba ita ba. Abin da muke tambaya shi ne sunan yaro da kuɗin fom.

Ta yi mana bayani a taƙaice, ga yadda muka fahimta. A wurinsu kowane yaro halittar Allah ce mai daraja, mai ƙoƙari da daƙiƙi, ɗan mai kuɗi da maraya, don haka ba a yarda a bar wani a bayan aji ya ruɓe. Ilimi a ganinsu ba ya rabuwa da hali, wanda ya iya lissafi ya zama maƙaryaci to aikinsu ya ɓaci. Malami kuma da rayuwarsa yake koyarwa kafin allo. Sannan ta ce iyaye su ne malaman farko, makaranta mataimakiya ce, "idan ta fita daga nan ta raina sallarka, mun ci amanarka."

Daga baya mun bincika ko daɗin bakinta ne kawai. Babban ɗan maƙwabcinmu, wanda ya yi karatu mai zurfi, ya nuna mana cewa a rubuce abin yake. Babban taron shugabannin cocinsu da aka yi a birnin Rum ya fitar da takarda a kan tarbiyya da ilimi ranar 28 ga Oktoba 1965, a cikinta ne aka ce kowane ɗan Adam yana da haƙƙin ilimi, kuma nauyin farko na kan iyaye. A wannan ranar dai suka fitar da wata takardar a kan zamansu da sauran addinai, inda suka ambaci Musulmi da girmamawa. Shekara guda bayan haka, 1966, Maiduguri ta zama cikakkiyar dayosis, Bishop na farko Timothy Cotter, ɗaya daga cikin fadan-fadan ƙasar Ailan 'yan ɗariƙar Agustin da suka fara aiki a Adamawa tun 1940. Na yanzu, Oliver Dashe Doeme, ya hau ne a 2009, shekarar da tarzomar nan ta fara, ka ga shi ma bai sha da daɗi ba.

Kada wani ya ce mun manta tarihi. Iyayenmu da suka ƙi makarantar mishan ba wawaye ba ne. A ƙasar Ibo, Bishop Shanahan da makaranta ya shigar da garuruwa addininsa, bai kuma ɓoye cewa manufarsa ke nan ba. Turawan mulki sun taƙaita mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, shi ya sa makarantunsu suka fi yawa a Sabon Gari da wuraren da Musulunci bai yi ƙarfi ba. Duk da haka 'ya'yan Musulmi da yawa sun bi ta cikinsu. St. Louis ta Kano, wadda sistocin da suka iso a 1948 suka kafa, ta yaye 'ya'ya matan manyan gidajen Kano. Bayan yaƙin basasa gwamnati ta karɓe da yawa, St. John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, ta 'yan mata ta Kakuri ta koma Queen Amina. Ko karɓewar ta gyara ko ta ɓata, a tambayi waɗanda suka yi karatu a ciki kafin da bayan.

Aka yi wa yarinya gwaji aka mayar da ita aji 3. Ta yi kuka, muka ba ta haƙuri. Kafin hutun ƙarshen shekara tana karanta mana saƙon waya.

Abu biyu ne suka tsaya mana a rai. Na farko bayan ambaliyar Alau ta ranar 10 ga Satumba 2024. Ruwa bai ci layinmu ba, amma 'yan'uwa daga Gwange suka cika mana gida, har zaure an kwana. Da aka koma makaranta sai uwargida ta riƙe yarinya tana taya ta girki da wanke-wanke, mu kuma ba mu hana ba. Rana ta huɗu da yamma sai ga sallama, malamar ajinsu ce ta hawo Keke Napep da kuɗinta ta nemo gidanmu. Ta zauna a tabarma ta sha ruwa, ta jajanta wa baƙi, sannan ta ce, "Baba, kujerar 'yata ba kowa kwana huɗu, na zo in ji ko lafiya." Ashe ita kanta ruwan ya shiga ɗakinta. Kunya ta kama mu. A Islamiyyarmu yaro kan yi wata biyu bai zo ba, sai ranar da aka zo lissafin kuɗin wata a tuna da shi.

Na biyu a shago ne, bayan an sake gina kasuwa mun koma. Ranar wata Asabar ta zo taya mu zama. Yaron shagonmu yana auna wa wata mata yadi biyar, yana jan yadin yana miƙar da shi a kan sanda yadda 'yan kasuwa suka sani, kowane yadi a ci ɗan yatsa biyu. Mun ga abin nan sau dubu, mun daina ganinsa. Da matar ta tafi sai yarinya ta ce a hankali, "Baba, ai bai cika biyar ba. In an saki yadin zai koma." An koya musu awo a makaranta, an kuma gaya musu cewa rage awo sata ce. To ita wannan yarinya ta haddace Suratul Muɗaffifina tun tana shekara bakwai, tana karanta ta da tajwidi mai daɗi, amma ba wanda ya taɓa gaya mata a kan masu tauye mudu da awo take magana. Mu da muke jan salla da surar, a shagonmu ake yi. Daren nan muka zaunar da ita muka fassara mata aya aya, ta buɗe baki ta ce, "Ashe a Alƙur'ani ma akwai!" Wannan "ma" ɗin da ta faɗa har yau yana mana zafi. Sandar awo dai mun canza yadda ake riƙe ta, matar kuwa ba mu sake ganin ta ba balle mu cika mata.

Amma fa kada a ɗauka zuma ce zalla. Wata rana uwargida ta same mu a firgice, ta ji yarinya tana wanki tana rera waƙar da suke yi a taron safe, da sunan Yesu a ciki. Ranar ko abincin dare ba mu iya ci ba. Muka kira ta muka tambaye ta wane ne Annabi Isa. Ta ce Manzon Allah ne, ɗan Nana Maryamu, ba ɗan Allah ba, ta kawo Ƙulhuwallahu. Hankalinmu ya ɗan kwanta, amma mun san yaro tulu ne, abin da ake ɗiga masa kullum shi ke cika shi. Tun daga ranar muka sa doka, bayan Magariba ba ma zama hira a bakin masallaci, gida muke dawowa mu yi mata Ahalari da Arba'una Hadisi da tarihin Annabi, da fassara da Hausa. Yanzu mun shiga Ishmawi. Sauran yaran gida da matan ma sun shigo. Abin dariya abin kuka, muna da 'ya'ya tara, ba wanda muka taɓa zama muka karantar da kanmu sai da tsoron coci ya kama mu.

Dattijon da muka ce ya tare mu, Allah Ya saka masa da alheri, ya yi kusan wata biyu ba ya bin mu salla, yana tafiya masallacin gaba. Da muka je gidansa muka kawo masa hujjar fursunonin Badar, waɗanda ba Musulmi ba ne amma aka sa masu iya rubutu a cikinsu su fanshi kansu da koya wa yaran Madina. Ya saurara har muka gama, ya ce, "Malam, a Madina aka yi wannan, malaman suna hannun Musulmi. Ba a ɗauki yaran an kai su Makka ba." Ya ƙara da cewa, "Kai kana da Ahalarin da za ka karantar da dare. Mai turin baro da zai ce ai Liman ma ya kai, shi me zai karantar?" Ba mu da amsar wannan, har yanzu ba mu da ita. Don haka wanda ya karanta wannan rubutu kada ya ce Liman ya ba da fatawa. Ba mu ce kowa ya kai ba, ba mu kuma isa mu ce ba. Dattijon ya dawo sahu, amma bai canza ra'ayi ba, mu ma ba mu nemi ya canza ba.

Abin da ya fi damunmu yanzu namu ne na gida. Tambayar da Sista ta yi mana ai tamu ce tun asali. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda tun a farkonsa ake gyara wa ɗalibi niyya, a koya masa girmama malami da littafi da abokin karatu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke karantar da 'ya'yan wasu su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kamar da mu yake. 'Yarsa Nana Asma'u har ƙauyuka take tura jajis su karantar da mata. Wannan ƙasa ta Barno da muke ci muke sha a cikinta, iyayenmu a ƙasa suka tako saboda Alƙur'aninta. A garin nan ne kuma wasu suka tashi suka ce karatun boko haramun ne, aka ƙone makarantu, aka kashe malamai, a 2014 aka rufe na gwamnati, da yawa suka zama sansanin 'yan gudun hijira. Yaran da aka haifa a lokacin su ne sa'o'in yarinyarmu, su ne cike da layukanmu daga Bulumkutu Kasuwa har Tsallake. Akwai waɗanda suka tsaya tsayin daka a cikinmu, irin su Barista Zannah Mustapha da ya buɗe wa marayu makaranta tun 2007, ya haɗa 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan waɗanda suka yi kisan a aji ɗaya. Ke nan abin yana yiwuwa a hannun Musulmi. Mu dai a layinmu malamai uku ne a kan yaran da ba mu ma san adadinsu daidai ba, ana bin mu albashin wata uku, ɗayan da safe faci yake yi. Mutumin da bai ci ba, da wane ƙarfi zai bi yaro gida?

Maganar hijabi kuwa tana nan ba ta warware ba. Kullum da safe yarinya takan saka hijabinta har ƙofar makaranta, ta cire ta ninke ta sa a jaka, ta ɗora hula. Da tana shekara goma mun kau da kai. Yanzu ta shiga 12, tana aji 5, girma ya fara zuwa. Mun koma wurin Sista sau biyu, ta karɓe mu da mutunci, amsar dai ita ce ta farko. Mun gaya mata gaskiya cewa a nan mun ga maganarta ta iyaye su ne malaman farko ta yi karo da dokarta, ta yi shiru ta ce za ta kai maganar gaba. Uwargida ta ce a cire ta a ƙarshen wannan zango. Yarinyar da muka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da Baba ya ce. Mun roƙi uwargida ta bari a kai ƙarshen shekara, muna neman inda za mu mayar da ita wanda ba za ta koma zaman ƙasa ba. Wanda ya san irin wannan wuri da kuɗinsa bai fi ƙarfin mai yadi ba, ya same mu a shago ko bayan Isha'i.

Kwamitin Islamiyya kuma zai zauna ranar Asabar ta farkon wata bayan La'asar, a zauren Bulama. Wannan karon mun roƙi a gayyato iyaye, har da mata, za a shimfiɗa musu tabarma daga ciki. Kowane uba za a tambaye shi abin da yake so ɗansa ya zama, a rubuta a gaban sunan yaron, malamai su ma su faɗi nasu. Wanda ake bin sa kuɗin wata ya taho da shi. Mu ma ana bin mu na wata biyu, na yara huɗu, za mu zo da shi in Allah Ya kai mu.